BABI NA UKU: GIRMAN KAI, MULKI DA SON BAUTA A HALAYEN DODO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan taurarin tatsuniya gaba ɗaya, inda aka nuna matsayin Gizo da Ƙoƙi da Kura da sauransu a tatsuniyoyin da ake yi a ƙasar Kazaure da kewayenta. A wannan babi kuwa za a keɓe tauraro guda ɗaya, wato Dodo, a dubi halayensa guda uku waɗanda suke sarƙe da juna: girman kai, da mulki, da son a bauta masa. Abin da ya jawo wannan keɓewa shi ne, idan ana maganar Dodo a aji ko a hira, yawanci ba a wuce cewa shi mahaɗami ne mai cin mutane, wanda iyaye suke tsorata yara da shi don su yi barci. Wannan gaskiya ne, amma bai ƙare bayanin Dodo ba. Kura ma tana da haɗama, kuma ita ma tana cin mutane, amma ba a taɓa jin tatsuniyar da Kura ta tsaya a ƙofar gari tana neman a san girmanta ba. Wannan bambanci shi ne jigon babin.

Wuraren da aka saurari tatsuniyoyin su ne Kazaure da Roni da Gwiwa, waɗanda suke ƙarƙashin masarautar Kazaure, sai kuma Babura wadda take ƙarƙashin masarautar Ringim. Dukkansu suna arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a shekarar 1991. Zaman wannan yanki tsakanin Kano da Daura yana da muhimmanci ga bincikenmu, domin ta kudu akwai labarin Dutsen Dala da Tsumburbura, ta arewa kuma akwai labarin rijiyar Kusugu, kuma mutanen yankin sun tashi da jin labaran biyu.

3.1 Kalmar Dodo da Kalmar Bauta

Babu wata siffa guda ɗaya da masu tatsuniya suka haɗu a kanta game da Dodo. Wani ya ce mai dogon gashi ne, wani ya ce yana da wutsiya, wani ya sa shi a cikin ruwa, wani kuma a ƙungurmin daji. Abin da aka haɗu a kai shi ne girman jiki da ruri da ban tsoro. Amma harshen Hausa ya ajiye mana wata shaida da ta wuce siffa. Idan Bahaushe yana so ya ce mutane biyu bakinsu ɗaya, sai ya ce dodo ɗaya suke yi wa tsafi. Ke nan tun asali dodo abu ne da ake yi wa tsafi, ake kai masa yanka, ake neman yardarsa. Haka kuma Hausawa suna kiran masu shigar tsafi na wasu ƙabilun kudancin Kaduna da Filato da sunan dodanni. A ɗaya ɓangaren kuma akwai dodon gona, wanda tsumma ne kawai a kan sanda, da dodon bango, wato abin da ake tsoro alhali ba shi da abin yi. Idan aka haɗa waɗannan za a ga cewa kalmar tana ɗauke da abu biyu a lokaci guda: abin da ake rusuna wa, da kuma zargin cewa rusunawar ce kaɗai take ba shi ƙarfi.

Ita ma kalmar bauta fuska biyu gare ta. Ana cewa bautar Allah, ana kuma cewa zamanin bauta, wato lokacin cinikin bayi, kuma mai yin kowacce daga cikinsu sunansa bawa. A wannan babi duk inda aka ce Dodo yana son bauta, ma'anonin biyu ake nufi, domin a tatsuniya ba a raba su ba. Mutanen garin da Dodo ya mallaka suna yi masa hidima kamar bayi, suna kuma jin tsoronsa irin tsoron da bai kamata a ji wa wani mahaluki ba.

3.2 Dodo a Tatsuniyar Auta

Tatsuniyar da ta fi fito da girman kan Dodo ita ce ta Auta, wadda kusan duk inda aka je a wannan yanki an san ta. Ba sabuwa ba ce, domin Tremearne ya kawo irinta a littafinsa na al'adun Hausawa wanda aka buga a 1913. Farkonta labarin ɓarnar Auta ne: iyayensa sun bar wa yayarsa wasiyya kada ta bari ya yi kuka, shi kuwa ya riƙa yin ta'adi iri-iri, har suka bar garinsu da gudu. Wannan kashi bai shafe mu ba. Abin da ya shafe mu shi ne lokacin da suka sauka a gidan wata tsohuwa a wani gari, inda da magariba ta yi kowa yake shiga ɗaki ya rufe ƙofa, domin Dodo yana shigowa gari kowane dare.

A nan ya kamata a lura da abin da Dodo yake yi idan ya shigo. Mai neman abinci lallaɓawa yake yi, kamar yadda Kura take yi a bayan garke. Shi kuwa Dodo tun daga nesa yake ruri, yana tambaya ko akwai wanda ya kai shi a garin nan. Ba amsa yake nema ba, shirun yake nema. Kowane dare sai ya zo ya karɓi wannan shiru kamar yadda mai karɓar haraji yake zagayawa, kuma Sarkin garin da fadawansa da mayaƙansa duk suna cikin masu biya. Wata tsohuwa da na saurara a ƙasar Roni, da ta zo wannan wuri sai ta kumbura murya ta yi tambayar Dodo, sannan ta yi shiru na ɗan lokaci tana duban yaran da ke gabanta, su ma kuwa ba wanda ya yi ko tari. A ganina wannan shiru na masu sauraro wani ɓangare ne na tatsuniyar, wanda rubutu ba ya iya kamawa, domin a wannan ɗan lokaci yaran sun zama mutanen garin.

Auta kuwa da ya ji tambayar sai ya amsa cewa shi ya kai shi. Kafin nan ya riga ya sa duwatsu a wuta sun yi ja. Dodo ya fusata, ya matso, ya sake tambaya, Auta ya sake amsawa. A ƙarshe da ya wage baki zai yi ruri sai Auta ya jefa masa duwatsun, ya haɗiye, ya mutu. Auta ya yanke wutsiyarsa, ya bar takalmansa a wurin, da safe aka yi ta gwada takalman har aka gano shi.

Abu biyu ne za a fitar daga wannan. Na farko, ba yunwa ce ta kawo Dodo ƙofar gidan tsohuwa ba, amsar da aka ba shi ce. Da ya ƙyale muryar yaron ya wuce, da bai mutu ba, amma ba zai iya ƙyalewa ba, domin idan mutum ɗaya ya amsa yau ya kwana lafiya, gobe goma za su amsa. Mulkin da aka gina a kan tsoro ba ya jure wa ko da murya ɗaya. Na biyu, ta bakin da yake fahariya da shi aka kashe shi. Mai tatsuniya bai sa an soke shi a ciki ko an sare masa wuya ba, sai ya zaɓi bakin. Hausawa suna cewa girman kai rawanin tsiya, suna kuma cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma da wuya a sami labarin da ya fassara waɗannan karin magana biyu kamar wannan.

Akwai wani abu kuma da yake ɗaure kai. Auta ba yaron kirki ba ne. Shi ne ya ƙone rumbunan gidansu, kuma duk wanda ya taimake su a hanya sai ya saka masa da mugunta. Me ya sa aka ba irin wannan yaro nasara a kan Dodo? Amsar da ta fi kwanta mini ita ce, halin da ya sa ya zama fitina a gida, wato rashin jin tsoro da rashin sanin na gaba, shi ne kaɗai halin da ba ya cikin garin Dodo. Mutanen garin masu ladabi ne, kuma ladabin nasu ne Dodo yake ci. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a cikin al'ummar da take koya wa yaro sunkuyar da kai a gaban babba, kuma tsofaffin da suke koyar da ladabin su ne dai suke ba da wannan tatsuniya da dare.

3.3 Macijin Kusugu

Labarin Bayajida ba tatsuniya ba ce a wurin mutanen Daura, tarihin kafuwar sarautarsu ne, kuma rijiyar Kusugu tana nan a cikin garin ana ziyartar ta. An kawo shi nan ne saboda ginin labarin iri ɗaya ne da na Auta, har ma a Babura da Gwiwa na ji masu ba da labari suna kiran macijin da sunan dodon rijiya. Kamar yadda aka sani, Bayajida ya fito daga Bagadaza, ya zauna a Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Da ya nemi ruwa sai ta ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiyar. Ya je ya zura guga, macijin ya riƙe, ya jawo shi ya sare kansa. Baƙo ne ya zo da dare, gidan tsohuwa ya sauka, ya kashe abin da gari yake tsoro, ya ɗauke wani sashe na jikinsa don shaida, da safe aka yi cigiya. Duk waɗannan matakai suna cikin tatsuniyar Auta.

Sai dai macijin ya fi Dodon Auta sanin mulki. Ba ya ruri, ba ya yawo, ba a ma ce yana bin mutane gida yana cinye su ba. Abin da ya yi shi ne ya zauna a kan abin da ba a rayuwa sai da shi. Ruwan rijiya ba zai ƙare don mutane sun ɗiba kullum ba, kuma maciji ba shi da abin da zai yi da ruwan kwana shida. Ke nan hanin ba don buƙata ba ne, don a san mai iko ne. Ranar da ya bari a ɗiba ma tana cikin mulkin, domin da ya hana gaba ɗaya da mutane sun tashi sun bar masa kufai, shi kuwa mai son bauta ba ya son kufai. Yana ba da abin da zai riƙe rai, yadda za a riƙa ganin ranar ɗiba kamar wata kyauta ce daga gare shi. Duk wanda ya taɓa bin layin rijiya a ƙauyukanmu a tsakiyar bazara ya san abin da wannan labari yake nufi ba sai an fassara masa ba.

Sunan macijin ma abin dubawa ne, domin Sarki ake ce masa, alhali ga sarauniya Daurama a kan gado. Wato gari ɗaya masu mulki biyu, ɗaya a fada ɗaya a rijiya, kuma na rijiyar ne yake yanke ranar shan ruwa har ga ta fadar. Irin wannan ciniki yana fitowa ƙarara a wasu tatsuniyoyin, inda Dodon kogi ba ya barin a sha ruwa ko a ƙetare sai an ba shi budurwa, har layi ya zo kan 'yar Sarki. A nan hadaya ta fito da sunanta, kuma abin lura shi ne ba Dodo ne yake zuwa ya ɗauka ba, mutanen gari ne suke yi wa yarinyar ado su raka ta da kansu.

3.4 Tasirin Musulunci da Labarin Tsumburbura

Ambaton Juma'a a labarin da aka ce ya faru kafin Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa yana nuna cewa labarin ya bi ta bakin Musulmi kafin ya iso gare mu. Irin wannan ya faru a Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A can an ce Barbushe ba ya saukowa daga Dala sai a ranakun Idi biyu, alhali a zamaninsa babu Idi a Kano. An bayyana cewa wurin Tsumburbura itace ne da aka kewaye da gini, ba mai shiga sai Barbushe, kuma mutane suna kawo baƙaƙen dabbobi don yanka. Sarkin Kano Tsamiya (1307–1343) shi ne ya fasa wurin, sannan a zamanin Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo da Musulunci fada.

Saboda haka wanda ya ce Dodon tatsuniya hoton tsohon abin bauta ne kamar yadda Musulmi suka zana shi daga baya, yana da hujja. Amma ya kamata a yi hattara. Tsumburbura addinin wasu mutane ne da suka rayu, kuma a wurinsu ba mugu ba ne, mai tsare su ne. Dodo kuwa ƙirƙira ce da aka gina don a ƙi shi. Daidaita su kai tsaye zai zama rashin adalci ga tarihi, zai kuma rage wa tatsuniyar faɗi, domin azzalumin da take nufi ba lallai sai na tsafi ba.

Inda tasirin Musulunci ya fi bayyana shi ne a ƙissoshin da yaro yake ji a makarantar allo da wajen tafsirin azumi. Iblis ya ƙi yin sujada ga Annabi Adamu (A.S.) saboda yana ganin asalinsa na wuta ya fi na yumɓu. Namarudu ya yi jayayya da Annabi Ibrahim (A.S.) yana da'awar rayawa da kashewa, kuma masu ƙissa sun ce sauro ne ya shiga hancinsa ya zama ajalinsa. Fir'auna ya yi da'awar allantaka, ya yi alfahari da mulkin Masar da ƙoramun da suke gudana a ƙarƙashinsa, ƙarshensa kuwa a ruwa ya halaka. Yaron da ya ji waɗannan da rana, ya ji tatsuniyar Auta da dare, ba ya buƙatar a gaya masa dangantakar sauron Namarudu da ɗan yaron da ya kashe Dodo, ko ta Fir'auna mai taƙama da ruwa da macijin rijiya. Wannan ne ya sa son bauta ya zama mafi munin halayen Dodo a idon Bahaushe Musulmi. Cin mutum zalunci ne, amma neman a rusuna maka irin rusunawar da ta Allah ce kaɗai ya shiga babin shirka.

3.5 A Rubutaccen Adabi

Ba kowane mugu ne Dodo ba. Wazirin Sarki Abdurrahman a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam (1937–1939) maci amana ne, ya haɗa baki da Sarkin Sinari don ya sami gadon sarauta, amma burinsa bai wuce gadon ba, kuma a ɓoye yake aikinsa. Dodo ba ya ɓuya, domin ɓuya tana rushe abin da yake nema. Magadansa na gaskiya suna cikin littattafan yaƙi da ake bugawa a Kano, inda ake yawan samun sarki matsafi ko boka mai aljanu wanda yake tilasta wa talakawa su yi masa sujada ko su yi wa gunkinsa. Ko a adabin Turawa akwai irinsa. Marubucin Ingila J.R.R. Tolkien ya ƙirƙiri Sauron a littafinsa The Lord of the Rings (1954–1955), kuma a The Silmarillion (1977) an nuna yadda Sauron ya sa mutanen wani tsibiri suka gina ɗakin bauta ga ubangidansa Melkor suna yanka mutane a ciki. Shi ma ba manyan mayaƙa ne suka kawo ƙarshensa ba, wasu 'yan ƙananan halittu ne da bai taɓa sa su a lissafi ba.

3.6 Bayan Mutuwar Dodo

Saura tambaya ɗaya wadda masu tatsuniya ba su cika tsayawa a kanta ba, wato ina ikon Dodo yake komawa bayan ya mutu? A tatsuniyar Auta, Sarki yana ɗaukaka yaron ya ba shi dukiya da muƙami, wasu ma suna cewa an raba masa gari. A Daura, Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe macijin, mutane da yawa suka yi da'awar ƙarya, Bayajida ya fito da kan, ya ce shi aurenta yake so. Daga nan aka riƙa kiransa Makas-Sarki, kuma daga ɗansa Bawo sarautar maza ta kafu a Daura bayan jerin sarauniyoyi. Ke nan wanda ya buɗe rijiya shi ne ya zama tushen sabon mulki, kuma sunan macijin yana cikin laƙabinsa.

Labarin ya nuna bambanci a fili, domin bayan Bayajida kowa yana ɗiban ruwa kowace rana, kuma halaccin sarautarsa daga wannan buɗewar ya samo asali. Amma game da Auta abin ya fi wuya, tun da ba a taɓa cewa ya daina ɓarna ba, sai dai kawai a rufe da ƙurunƙus a daidai lokacin da aka naɗa shi. Na tambayi tsohuwar nan ta ƙasar Roni ko wane irin mulki Auta ya yi, sai ta yi dariya ta ce ita dai a nan aka tsaya mata. Matsayin irin waɗannan jarumai, da abin da tatsuniya take yi da su bayan sun hau, shi ne abin da za a duba a babi na huɗu.